Daɓen Da Aka Yi Wa Inna

Kawuna gyaran keke yake yi, kuma duk wanda ya taɓa kai masa keke zai gaya maka abu biyu a kansa. Ba ya miƙa maka kekenka sai ya hau da kansa ya zaga layi ya dawo, ko da faci kawai ya yi. Kuma ba ya yarda ka tsaya masa a ka yana aiki. In ka ja benci ka zauna kana bin hannunsa da ido, sai ya ajiye sifana ya goge hannu ya ce, "Ko dai ka yarda da ni ka tafi harkarka, ko ka ɗauki abinka ka kai wa wanda ka yarda da shi." Haka ya ɗauki sana'a tun yana saurayi: tsayawa a kan mai aiki zagi ne, ka kira shi ɓarawo ke nan ba ka buɗe baki ba. Shi ma ba ya yi wa kowa. In ya kai wa tela ɗinki, ajiyewa yake yi ya juya, ko da za a ɗinko masa riga mai hannu uku. Akwai kafintan da ya taɓa yi masa ƙyauren da bai kai ƙasa ba, kaza na shiga ta ƙarƙashi a tsaye. Kawu ya duba ya ce ɗaki ma yana son iska.

A hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, wadda take ƙanwarsa. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, jikin ta mai walda. Tsofaffin tayoyi a rataye, bahon ruwan da ake tsoma tub a nemi huji, gwangwanin giris da ba wanda ya san asalin launinsa, da rediyon da sai an mare shi yake magana. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Bai tara komai ba sai gida ɗaya da mutuncinsa, amma in ka ji yadda yake maganarsu sai ka rantse attajiri ne.

Gidan ɗakunansa a gaba suke, sai doguwar tsakar gida ta ƙasa, sai can ƙurya lambun matarsa. Inna nake ce mata, 'yan unguwa kuma Mai Lambu, har shi Kawun ma haka yake kiranta. Mace ce mai faɗa da hannu mai albarka, in ta soka sanda a ƙasa sai ta yi ganye. Ga gwaiba, ga lemun tsami, ga tumatir da barkono a cikin tayoyin da Kawu ya yar, ga na'ana'a a gwangwanayen fenti. Yadda take yi mana faɗa haka take yi wa shukokin. "Ke dai ba ki da kunya," za ka ji tana ce wa bishiyar lemu, "ruwa safe ruwa yamma, ɗa ɗaya ya gagare ki." Kawu yakan ce da shi ake yi wa hidimar da ake yi wa gwaibar nan da tuni ya ajiye tumbi. Ita kuma ta ce gwaiba tana ba ta 'ya'ya duk shekara, shi kuwa sai baƙin mai a kayan wanki. 'Ya'yansu maza sun yi nisa wajen neman abinci, ni ma na yi aure na koma wata unguwa, ya rage daga shi sai ita sai lambun.

Wata safiya Inna ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, ba ta miƙe ba. Shanyewar ɓarin jiki, in ji asibiti. Ɓarin hagu ya tafi gaba ɗaya, baki ya karkace, magana ta koma sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma. Hannun dama da ƙafar dama ne suka rage mata, sai kuma faɗan, wanda ya koma cikin ido.

Kawu bai iya kuka a gaban mutane ba, abin da ya iya shi ya yi. Ya samo wani mataccen keken guragu wajen 'yan gwangwan, ya wargaza shi, ya sa masa sabbin tayoyi, ya haɗa masa birki a ɓangaren dama inda hannunta zai kai. A cikin ɗaki, kan siminti, da ɗan yatsa za ka tura shi ya tafi. Inna ta koyi tuƙa shi da hannu ɗaya, tana gyara hanya da ƙafa. Amma da ta kai ƙofar ɗaki tafiya ta ƙare, don ƙasar tsakar gida haɗiye taya take yi. Sai mutum biyu sun ɗauke ta da keken cak kafin ta isa lambu, ita kuwa ta tsani a ɗauke ta. Ranar da muka gwada, dukan hannuna ta yi ta yi har muka ajiye ta. Da ƙyar na gane abin da take faɗa: "Ni ba buhu ba ce."

Sai ta koma zama a bakin ƙofa tana hangen lambun daga nesa, ina ba shi ruwa tana harara ta. Kullum tana ƙara shiru, abinci ma sai an yi da gaske. Likitar da ke motsa mata gaɓoɓi ta ce wa Kawu jiki zuciya yake bi, in ba ta da abin da za ta tashi dominsa, wata rana za ta daina tashi. Daga ranar Kawu ba shi da wani buri sai ɗaya: Inna ta tura kanta daga ƙofar ɗaki zuwa gindin gwaiba, ba wanda ya taɓa ta. Ya ce za a yi wa tsakar gida daɓen duwatsun nan na intalok, a shimfiɗa mata hanya mai faɗi, da ɗan fili a gindin bishiyar inda za ta juya.

Wanda zai yi aikin kuwa ba a tsaya shawara ba. Akwai wani magini da Kawu yake kira Auta. Ba jininsu ba ne. Ya shigo gari da riga ɗaya yana aikin lebura, Kawu ya bar shi yana kwana a shago, Inna ta riƙa zuba abinci da shi, ita ce ma ta raɗa masa sunan. Keken farko da ya riƙa zuwa wurin gini da shi Kawu ne ya harhaɗa masa kyauta. Da ya tashi aure Kawu ne ya shige masa gaba. Yanzu ya zama babban mutum, yana da akori-kura da ma'aikata, ana ce masa Injiniya. Ni dai Magini nake ce masa, don ban ga makarantar da ta ba shi wancan sunan ba.

Ya zo ranar da aka kira shi, ya durƙusa a gaban keken Inna har da ƙwalla. "Inna, ni da na ci daga hannun nan? Wallahi sai kin je lambunki da kanki. In ban yi miki wannan ba, me na yi a duniya?"

Kawu ya zaga da shi tsakar gida, ya tsaya wajen tsakiya inda ƙasa ta ɗan fi duhu. Tsohuwar rijiya ce a wurin, an cike ta da daɗewa bayan an jawo famfo.

"Ka san nan," in ji Kawu.

Magini ya yi dariya. "Baba, ni za ka nuna wa? Ni fa na tura baron da aka cike ta. Nan sai an haƙe an zuba tsakuwa an bi da inji, a sake zubawa a sake bi. Duk tsakar gidan ma haka ne: a kankare ƙasar sama, a zuba tsakuwa, a danne da inji, sannan yashi, sannan duwatsu. Abin da ke ƙasa shi ne aikin, na sama ado ne kawai. Ka bar mini."

Ya san aikin, shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Da jahili ne da na ce kuskure ya yi.

Aka kawo tsakuwa da yashi da duwatsu aka jibge a ƙofar gida. Na ce wa Kawu a kai Inna gidana saboda ƙura da ƙara, ni kuma in zauna a nan in riƙa ba ma'aikata ruwa, in ga yadda ake yi. Ya kalle ni kamar na yi saɓo.

"Ki ga yadda ake yi, ko ki yi gadin Auta?"

"Kawu, ido ba ya ɓata aiki."

"Yana ɓata zumunci. Mutumin da ya kwana a shagona da kayan jama'a bai taɓa ɗaukar ko noti ba, shi zan sa wa mai gadi?"

Ya miƙa wa Magini makullin gida, duka muka koma gidana. Har hanya Kawu ya canza, da safe sai ya yi zagaye ta bayan kasuwa don kada ya bi ta ƙofar gidansa a ce leƙe ya zo. Ni da ba ni da wannan kunyar na bi ta wurin wata rana, na ga wasu mutane da ban sani ba suna jera duwatsu. Babu Magini, babu akori-kurarsa, ban kuma ji ƙarar inji ba. Da na faɗa wa Kawu, ni ce na sha faɗa. Ya ce mai aiki da yawa dole ya fita ya dawo, kuma in na sake zuwa leƙen asiri ba shi ya aike ni ba.

Aiki ya ƙare da wuri, har Kawu yana yaba zafin naman Auta. Gaskiya ya yi kyau. Ja da ruwan toka, an jera su kamar saƙar tabarma tun daga ƙofar ɗaki har gindin gwaiba, an share tas. Kawu ya yi abin da ya saba. Ya zauna a keken Inna, ya naɗe hannun hagu a cinya, ya tura da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya har lambu, ya juyo, ya sake komawa, yana kasa kunne yadda yake sauraron keken da ya gama gyarawa. Tsoho da furfura yana tsere a keken guragu, Inna ta yi dariyar da rabon mu ji irinta tun kafin ciwon. Ya dawo ya tashi ya ɗora ta.

"Na gwada da kaina," ya ce mata. "Lafiya lau yake. Tafi abinki."

Shi keke ya sani, kuma keken bai yi ƙara ba. Bai zo masa a rai ya ɗaga dutse ɗaya ya ga abin da ke ƙasa ba, da ya zo masa ma ba zai ɗaga ba.

Ta tafi. A hankali, keken yana karkata tana gyarawa da ƙafa, muna biye ba mai taɓawa. Da ta isa ta ja birki, ta miƙa hannu ta tsinke wani busasshen ganye, ta juyo ta nuna mini. Ban gane duk abin da ta faɗa ba, amma na ji "raguwa" sarai. Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Sauran ranin nan Inna ta dawo mana. Kawu ya ɗaura mata ƙugiya a jikin keken tana rataya buta, ya jawo mata tiyo har gindin lemu. Yana fita shago take fita lambu, ba ta komawa ɗaki sai rana ta yi zafi. Ta fara cin abinci, maganarta ta fara fita, shukoki suka koma shan faɗa. In Kawu ya dawo ya tarar da taɓo a tayoyin keken, sai ya tsuguna ya wanke yana murmushi. Duk wanda ya zo gaida ta sai an nuna masa daɓen an ce aikin Auta ne.

Sai damina ta sauka. Ruwan farko ya wanke yashin da ke tsakanin duwatsun. Na bayansa ya bar tafki a tsakiya, ya wuni bai tafi ba. Na taka wani dutse na ji ya motsa, ruwa ya tsarto mini a ƙafa. Kawu ya kira Magini a waya a gabana.

"Zama yake yi, Baba, haka sabon aiki yake. Kada ka damu, ba abin da zai yi. Zan leƙo cikin satin nan."

Bai leƙo ba. Aka sake kira, ya ce yana wajen gari. Na ce a hana Inna fita har a gyara. Kawu ya ce mai aikin da bakinsa ya ce ba komai, shi wane ne da zai ƙaryata mutum a kan sana'arsa? Kuma wa zai kalli idon Inna ya ce ta koma ɗaki?

Wata rana an kwana ana ruwa, gari ya waye tas. Kawu ya tafi shago, Inna ta rataya butarta ta fita. Da ta zo kan tsohuwar rijiyar, ƙasa ta zame a ƙarƙashin tayar dama. Duwatsun suka nutse, keken ya kife ta wannan ɓangaren, ta kai hannu ta tare, hannun nan ɗaya da ya rage mata, ya karye a wuyansa. Ta kwanta a cikin taɓo, keken a kanta, ɓarin da zai ɗaga ta shi ne a ƙasa. Ta yi kira. Maƙwabciyarsu ta ce daga baya ta ji wani abu, amma ba ta gane muryar mutum ba ce. Ni na same ta da na kawo abincin rana. Taɓon da ke fuskarta ya riga ya bushe, tururuwa na bin ƙafarta, idonta a buɗe. Ba ta yi kuka ba.

A asibiti aka ɗaure hannun da filasta. Da muka dawo muka kwantar da ita, Kawu ya ɗauko ƙarfen da yake ɓanɓare taya da shi, ya tsuguna nesa da ramin, inda daɓen yake da kyansa, ya ɗaga dutse ɗaya. Yashi ne ɗan shafe-shafe, bai kai kaurin yatsa ba. Ya share da tafin hannu, sai ga ciyawar tsakar gidanmu, ta yi fari fat, a kwance yadda aka danne ta. Ko kankare ƙasar ba a yi ba. Ya ɗaga wani, ya ɗaga wani, duk haka. A bakin rijiyar kuwa fankon buhunan siminti ne da guntayen katako da robobin ruwa, duk sharar aikin an tura ciki an rufe da yashi. Tsakuwa ko ƙwaya ɗaya babu.

Maƙwabciyar tana tsaye a ƙofa ta ce ai tsakuwar tun ranar farko aka loda ta a akori-kura aka tafi da ita, ta ɗauka mu muka fasa. Injiniya kuwa ranar farawa ta gan shi, sai ranar gamawa.

Kawu ya daɗe a tsugune da ciyawar a hannu. Sannan ya ce in zo in raka shi.

Ba mu sha wahalar nemansa ba. Wani katafaren gida ake yi wa harabar ajiye motoci a sabuwar unguwa. Tun daga nesa muke jin inji yana dukan ƙasa har cikin ƙirji. Ga tsakuwa an baje, ga igiya an ja, ga Magini da kansa a tsaye a kan ma'aikata, yana duba kowane dutse, yana sa a tayar da wanda bai yi masa ba. Da ya gan mu ya taho da sauri ya rusuna.

"Baba, yanzu nake cewa zan zo. Na ji abin da ya faru, wallahi hankalina ya tashi. Ya jikin Inna?"

Kawu ya buɗe hannu ya nuna masa ciyawar. Magini ya kalle ta, ya kalli ma'aikatansa, ya ja mu gefe ya rage murya.

"Baba, ka fahimce ni. Aikin nan ya faɗo mini lokaci ɗaya da naka, inji kuma ɗaya gare ni. Mutanen nan ba su san uzuri ba, in ka saɓa musu sun kore ka. Kai kuwa gida ne. Na ce a rufa muku tukuna Inna ta samu ta fita, in na sarara in dawo in yi shi yadda ya kamata. Tsakuwar ma aro na yi."

"Ka san rijiyar," in ji Kawu.

"Na gaya musu, wallahi na gaya musu. Kuma ni a tunanina ba mota ce za ta bi ba. Inna nauyinta nawa yake?"

A nan na ajiye tarbiyyar da aka yi mini. Na ce masa nauyinta ya kai na kwanukan abincin da ta zuba masa. Na ce masa maci amana, butulu. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba, har aka kashe inji ana kallonmu. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ƙin Kawu da Inna yake yi ba. Yana son su, har yau na yarda yana son su. Ya duba duk mutanen da yake yi wa aiki ne, ya zaɓi waɗanda ya tabbata ba za su leƙa ba, ba za su kai shi ƙara ba, ba za su ƙi amsa gaisuwarsa ba, ya ce su za su ɗauki asarar. Ya san halin Kawu sarai, a shagon nan ya sha jin ana korar masu kallo.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auta, na bar maka gidana na riƙa zagaye ta bayan kasuwa don kada ka ji kunya." Magini ya ce gobe-goben nan zai turo mutane da inji a tayar a sake. Kawu ya ce a'a, ya gode. Ya zubar da ciyawar a ƙasa muka juyo. Sai da muka kusa gida ya ce mini, "Ke ma da kin rage zagin nan."

Washegari bai buɗe shago ba. Ya tayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya jera su a jikin katanga. Mutumin da bai taɓa riƙe diga ba ya shiga haƙa. Ya kwashe sharar rijiya har ya kai ƙasa mai tauri. Ya je wurin wani tsohon magini a wajen masu buga bulo ya yi ta tambaya kamar ɗan koyo. Ba shi da inji, sai mai walda ya haɗa masa wani faffaɗan ƙarfe da mariƙi, shi yake ɗagawa ya buga, ya zuba tsakuwa ya buga, ya yayyafa ruwa ya buga. 'Ya'yansa suka bugo waya suka ce a ɗauki ma'aikata, ya ce ya gama ba da makullinsa. Mijina yakan zo ranar hutu ya tura masa baro, iyakar taimakon da ya karɓa ke nan. Da safe daɓe, da yamma shago, masu keke da yawa suka gaji da jira suka koma wani wuri. Hannunsa ya yi kanta ya fashe, bayansa ya ranƙwafa, damina ta wuce yana abu ɗaya.

Magini ya yi ta zarya. Ya zo da lemo da ayaba, ya turo matarsa, ya turo dattawa. Kawu yakan fito ya karɓi gaisuwa a ƙofar gida, ya ce ya yafe, amma bai sake ce masa "shigo" ba, bai kuma sake kiransa Auta ba. Injiniya yake ce masa, kamar kowa. Ni kam ko yafewar ban yi ba, kuma ba na jin zan yi.

Duk wannan bugun Inna tana jin sa daga ɗaki. An cire filasta, hannun ya haɗe, likita ta ce zai tura keke in ana motsa shi. Ba ta tura ba. Ta sa an saki labulen ƙofa, ita da a da take faɗa in an sake shi. In na ce, "Inna, gwaiba ta yi 'ya'ya," sai ta ce to. Na tsinko mata na'ana'a, ta sansana ta ajiye. Ko raguwa ta daina ce mini. In an zo ɗora ta a keken sai ta ƙanƙame rigar mutum. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi, mun sani, muka ce in hanya ta gyaru za ta ware. Kawu ma da wannan yake buga ƙarfensa.

Ya gama bayan an ɗauke ruwa. Wannan karon bai yarda da idonsa ba. Ya saki tiyo a kai wuni guda, ruwan ya gangara ya bi magudana bai tsaya ko'ina ba. Ya kira mai walda, wanda ƙato ne na gaske, ya sa shi ya yi ta tsalle a kan rijiyar har ya yi haki ya roƙi a bar shi. Ya cika baro da bulo ya kai ya kawo. Ko dutse ɗaya bai motsa ba. Bai kai na farko kyau ba, layin ya ɗan karkace a wani wuri, amma ko tirela ta hau ba abin da zai same shi.

Da safe ya yi wanka ya sa riga mai kyau, ya wanke keken ya sa masa mai. Ni da shi muka ɗora Inna. Ya ɗage labule ya tura ta zuwa ƙofa. Rana ta fito a kan daɓen, can ƙarshe ga gwaibar, ya riga ya ajiye mata buta cike da ruwa a gindinta. Tayoyin gaba suna taɓa bakin ƙofa Inna ta miƙa hannu ta kama ƙyauren.

"Mai Lambu," ya ce, "an gyara. Ni na yi, da hannuna, tun daga ƙasa."

Ta kalli hannuwansa, ta daɗe tana kallonsu. "Na ji," ta ce. "Sannu."

"To mu je. Ba sai kin tura ba yau, ni zan tura ki. Ki ga tumatir ɗinki kawai mu dawo."

Ba ta saki ƙyauren ba. Kawu ya zaga ya fita, ya taka daɓen har tsakiya, ya tsaya daidai kan rijiyar ya buga ƙafa, ya sake bugawa, ya yi tsalle ya dire da duk nauyinsa. Ya dawo ya tsuguna a gabanta yana haki.

"Kin gani? Na gwada. Wallahi lafiya lau yake."

Bakinta ya yi ta motsi kafin maganar ta fito, amma da ta fito ba wanda ya nemi a maimaita.

"Wancan ma haka ka ce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da da faɗa ne da mun ji sauƙi. Kawu ya zauna a kan dugadugansa. Na buɗe baki zan ce ba laifinsa ba ne, ya ɗaga mini hannu. Can ya miƙe, ya zaga bayan keken, ya janye ta a hankali har hannunta ya saki ƙyauren. Ya juya da ita ciki. Ta ce a saki labule, ya saki.